Daga Haɗejiya Zuwa Nguru: Masaukin Baƙin Tsuntsaye A Ƙarshen Damina

Yanzu da marka ta fara ja da baya, gero ya fitar da kai, dogon hutu kuma ya kusa ƙarewa, akwai wani wuri a ƙasar nan da ya kamata kowane ɗalibi ya san abin da ke gudana a cikinsa. Wurin shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe. Daga ƙarshen watan Agusta zuwa cikin Oktoba, abubuwa uku ne ke haɗuwa a can lokaci guda. Balbelu na ciyar da 'ya'yansu a sheƙa, tsuntsayen bakin ruwa na sauka daga arewacin Turai da Rasha, sannan wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye da nauyinsu bai wuce na dunƙulen magi biyu zuwa uku ba suna isowa bayan sun ƙetare hamadar Sahara. Duk mai son ganin ukun a tafiya ɗaya, to wannan ne lokacinsa. Ku ɗauko littafi da biro, mu kama hanya.

Yadda ƙasar take

Daga Kano zuwa Nguru ya haura kilomita 200. Idan aka bi ta Haɗejiya, za a lura da yadda ƙasa ke sauya kama a hankali. Jar ƙasa na raguwa, rairayi na ƙaruwa, goruba da aduwa da bagaruwa na maye gurbin ɗorawa. Nguru kanta tsohon garin kasuwanci ne, a nan ne titin jirgin ƙasa da ya taso daga Kano ya tsaya a shekarar 1930.

Ruwan da ya yi wannan dausayi daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, shi kuma kogin Jama'are ya gangaro ne daga tsaunukan Jos. Da kogunan biyu suka iso wannan yanki, sai suka tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan. Ruwan ba shi da gangaren da zai bi da sauri, don haka sai ya rarrabu, ya bazu tsakanin tuddan, ya zama tabkuna da fadamu da ƙoramu. Abin da ya rage daga ciki shi ne ke haɗuwa a wajajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi tabkin Chadi.

A watan Agusta da Satumba ruwan ke kai wa ƙarshen cikarsa. Gonar da aka bi da ƙafa a watan Afrilu, yanzu sai da kwale-kwale. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani duk a kan wannan ruwa suke rayuwa: masunta na kafa taru da mali, manoma na shuka shinkafa, in ruwa ya janye su yi noman rani, makiyaya kuma su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da ko'ina ya bushe.

Duniya ta san da zaman wurin. A shekarar 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayoyi a garin Ramsar na ƙasar Iran, kuma wuri na farko da Najeriya ta shigar cikin jerin a shekarar 2000 shi ne tabkin Nguru da mashigin ruwan Marma. Daga baya aka ƙara da dausayin Baturiya a Jigawa da tabkin Dagona da ke ƙaramar hukumar Bade a Yobe. Dagona na cikin gandun dajin ƙasa na yankin tabkin Chadi, kuma Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarce shi a 1989. Masana sun rubuta sunayen nau'in tsuntsaye fiye da 350 a wannan yanki, kuma a ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu cikin shekarun 1990, akwai shekarun da aka ƙirga tsuntsayen ruwa sama da 200,000.

Unguwar balbelu

Mu fara da wadda kowa ya sani. Babu ɗalibin da bai taɓa ganin balbela tana bin shanu ba, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka kalli gidanta. Balbela ba ta yin sheƙa ita kaɗai. Ɗaruruwa ne ke taruwa a kan 'yan itatuwa kaɗan, sau da yawa a bagaruwar da ruwa ya kewaye, ko a wata babbar tsamiya a gefen ƙauye. Tun daga nesa za ku ga itacen ya yi fari fat kamar an shanya masa wanki. Kafin ku ƙarasa kuwa, hayaniya da warin kashin tsuntsu za su tarbe ku.

Ku duba da kyau, za ku ga balbelar damina ta bambanta da ta rani. A lokacin haihuwa gashin kanta da na ƙirji da na gadon baya kan yi ruwan goro-goro, baki da ƙafafu kuma su yi ja na 'yan kwanaki lokacin neman aure. Namiji ne ke yawan kawo tsinke da ƙiraruwa, macen ta jera su. Sheƙar ba ta da wani kyau, tarin itace ne kawai da ake iya hango ƙwai ta ƙasansa. Takan saka ƙwai biyu zuwa huɗu masu launin shuɗi-shuɗi, uwa da uba su riƙa karɓa-karɓar kwanci har kimanin kwana 23. Da yake tun daga ƙwan farko ake fara kwanci, 'ya'yan ba sa ƙyanƙyashewa rana ɗaya. Babban ya girmi autan da kwanaki, kuma shi ke fara cafke bakin uwa idan ta dawo da abinci. A shekarar da fara da kwaɗi suka yi yawa, kowa na samu. A shekarar ƙarancin abinci kuwa, auta ne ke fara mutuwa. Bayan kamar wata ɗaya, waɗanda suka rayu sai su fara tashi.

A ƙarshen Agusta za ku tarar da kowane mataki a itace guda: wata na kwanci, wata na ɗura wa 'ya'ya abinci, wasu 'ya'yan kuma sun fito suna dafe-dafe a reshe suna gwada fiffike. Bin shanun da take yi ma dabara ce. Kofaton saniya na tayar da fara da sauran ƙwari daga ciyawa, ita kuma ta cafke ba tare da ta sha wahalar nema ba. Wannan dabara ta kai ta nesa. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ganin balbela a Kudancin Amurka, bayan ta ƙetare tekun Atlantika da fiffikenta, kuma zuwa shekarar 1953 har ta fara haihuwa a jihar Fulorida ta Amurka.

Ba kowane farin tsuntsu ne balbela ba, kuma a nan ne idonku zai fara koyon aiki. Akwai wata 'yar'uwarta siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunta rawaya ne kamar ta taka fenti. Ita a cikin ruwa take farauta, tana kaɗa ƙafa a taɓo don ta firgita ƙananan kifi. Akwai kuma babba mai dogon wuya da ta kusa kai zalɓe tsawo, wadda kan tsaya cik kamar an dasa ta. In kun yi sa'a za ku ga wani baƙi ƙirin daga danginsu yana buɗe fukafukansa ya rufe kansa da su kamar laima. Inuwar da ya yi ce ke jawo kifi, ta kuma kawar masa da ƙyallin rana daga fuskar ruwa.

Kada ku manta da shamuwa a kan itatuwan cikin gari. Ita da ta zo mana da albishir ɗin damina, yanzu 'ya'yanta sun girma, tana haramar tafiya kudancin Afirka inda damina ke shirin sauka. Wato a daidai lokacin da baƙi ke shigowa daga arewa, wasu na gida na ɗaure kaya.

Masu dogayen ƙafafu a bakin taɓo

Da hantsi, mu gangara inda ruwa bai wuce idon sawu ba, gefen gonakin shinkafa da bakin kududdufai. Da farko za ku ce babu komai sai taɓo. Ku zauna shiru na minti goma, sai ku ga taɓon ya fara motsi.

'Yan gida ne za su fara bayyana. Ga taka-bado mai dogayen yatsu yana tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Ga zakaran ƙeƙuwa mai baƙi da fari, wanda da ya hango ku zai cika wurin da ihu ya tona muku asiri. Can cikin ruwa kuma kirinjijiya na shawagi tana fito, dinya na kiwo a cikin ciyawa.

Baƙin su ne masu launin ƙasa-ƙasa da ba su cika jan ido ba. A watan Yuni waɗannan tsuntsaye suna can arewacin duniya, a fadamun Siwidin da Finlan da Rasha, inda rana kan yini ta kwana ba ta faɗi ba a tsakiyar lokacin zafinsu. Ƙwari kan yi yawa ƙwarai na 'yan makonni, su yi ƙwai su ƙyanƙyashe cikin gaggawa. Da sanyi ya fara leƙowa, ƙasa za ta daskare, abinci ya ƙare, dole su taho. Manya ne ke fara isowa, tun a Agusta. 'Ya'yan bana sukan biyo baya da makonni, su kaɗai, ba uwa ba uba, a kan hanyar da ba su taɓa bi ba.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wanda Turawa ke kira raf, mu ce masa mai rawani. A can ƙasar haihuwarsa namijin kan fitar da wani tulin gashi a wuya da ka, fari ko baƙi ko ja, mazan su taru a fili guda suna tsalle da kokawa, mata na zagayawa suna zaɓe. Kafin ya iso Nguru ya zubar da wannan ado duka, ya koma tsuntsu mai ruwan toka da ƙaramin kai. Za ku gane garkensu da abu ɗaya: wasu manya wasu ƙanana, domin namiji ya fi mace girma sosai. Wasunsu tun daga gabashin Saibiriya suke tasowa. Idan aka girbe shinkafa, sukan bi gonaki suna tsintar wadda ta zube, kuma a tsakiyar hunturu garkensu kan kai dubbai.

Akwai wani ɗan siriri mai ɗige-ɗigen fari a baya da farar gira, mai ƙafafu ruwan ɗorawa, wanda ya fi son gonar shinkafa mai ciyawa. Akwai wani da ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa ko yana tsaye, in ya tashi kuma sai ya bi fuskar ruwa yana karkarwa da fiffike. Akwai ƙaramin cikinsu da bai wuce giram 30 ba, yana gudu a bakin ruwa yana caccakar taɓo kamar keken ɗinki. Sai kuma mai jajayen ƙafafu dogaye kamar tsinken tsire, fari da baƙi, wanda ke shiga inda ruwa ya fi ƙarfin sauran.

Ga tambayar da malamin kimiyyarku zai so: yaya nau'i goma za su ci abinci a kududdufi ɗaya ba tare da sun cinye na juna ba? Amsar tana bakinsu da ƙafafunsu. Mai gajeren baki na tsinta a sama, mai dogon baki na zurawa cikin taɓo ya zaro tsutsa, mai dogayen ƙafa na shiga tsakiyar ruwa. Kowa da zurfin da yake kiwo. Idan kuka zana bakin kowane tsuntsu kusa da inda kuka gan shi tsaye, kun rubuta darasi guda da hannunku.

'Yan mitsi-mitsin da suka ƙetare Sahara

Kashi na uku shi ya fi wuyar gani, shi ya kuma fi ban mamaki. Ku juya wa ruwa baya, ku fuskanci ƙayoyi: bagaruwa, farar ƙaya, aduwa. Da sassafe a watan Satumba, ku kafa ido a kan reshe ɗaya. Za ku ga wani ɗan abu mai launin ganye-ganye ko ruwan ƙasa, mai siririn baki kamar allura, yana tsalle daga reshe zuwa reshe yana leƙa ƙarƙashin ganye. Waɗannan su ne dangin tsuntsayen da Turawa ke kira wobla, wato mawaƙa, saboda zaƙin kukansu a lokacin haihuwa. A wurinmu ba su cika waƙa ba, ci ne ya kawo su.

Ɗaya daga cikinsu, mai rawaya-rawayan ƙirji da farar gira, nauyinsa kimanin giram 9 ne. Wani yana da farin maƙogwaro da jan-jan fiffike, yana son ƙananan sarƙaƙƙiya. Wani kuma mai zane a baya da faffaɗar gira ba ya rabuwa da ciyawar bakin ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka kudu da Sahara a kowace shekara.

Ku yi tunanin hanyar. Bayan sun ƙetare tekun Bahar Rum, sai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, inda babu ƙwaron ci, babu ruwan sha in ba a 'yan tsirarun wurare ba. Guzurinsu kitse ne. Kafin tashi sukan yi makonni suna ci ba ƙaƙƙautawa. Mai zanen bayan nan, wanda nauyinsa na yau da kullum bai wuce giram 12 ba, kan iya ninka nauyinsa kafin ya bar Turai. Yawancinsu da dare suke tafiya, lokacin da iska ta yi sanyi, suna gane hanya da taurari da inda rana ta faɗi da kuma maganaɗisun ƙasa. Da rana da yawa kan sauka su laɓe a inuwar dutse ko ta wani ɗan tsiro, ba ci ba sha, su jira magariba. Wanda kitsensa ya ƙare kafin ya fita, a nan zai tsaya har abada.

Wanda ya tsira kuwa, koren farko da zai gani shi ne namu, wato yankin Sahel a ƙarshen damina, lokacin da ƙwari suka yi yawa. Saboda haka ɗan tsuntsun da kuka gani a bagaruwa da safe, mai yiwuwa daren jiya a saman hamada ya kwana. Wasu za su zauna da mu har watan Maris ko Afrilu. Wasu za su huta kwanaki su wuce kudu.

Wani abin lura: ba kowane itace ne ke ciyar da su ba. Binciken da aka yi a faɗin Sahel ya nuna cewa sun fi taruwa a itatuwan gida masu ƙaya, musamman gawo da dangin bagaruwa da aduwa, ba kasafai kuma ake samunsu a darbejiya ba, domin ganyenta ba ya tara ƙwari. Gawo kuma yana da wata baiwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, daidai lokacin da baƙin suka fi bukatarsa.

Yaya aka gano duk wannan?

Shekaru aru-aru mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba. Har akwai masu cewa tsattsewa na nutsewa cikin taɓon tabki ta yi barci sai sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, sai ga mashi irin na Afirka soke a wuyansa. An jefe shi a nan nahiyar, bai mutu ba, ya koma gida da shaida a jikinsa. Har yau yana ajiye a jami'ar Rostok.

A 1899 wani malamin makaranta a Denmak mai suna Hans Kirista Motensen ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Wannan dabara ce ta bazu a duniya. Don haka idan wani masunci ko maharbi a garinku ya nuna muku zobe da ya cire daga ƙafar tsuntsu, kada ku bari a yi wasa da shi a yar. Ku kwafe lambar da sunan garin da ke jiki, ku rubuta rana da wurin da aka same shi, ku kai wa malaminku ko ma'aikatan gandun daji. Wannan 'yar lamba na iya haɗa ƙauyenku da wani ƙauye a Finlan. Yanzu har akwai 'yan na'urori marasa nauyi da ake ɗaura wa tsuntsu a baya, kuma da su aka gano cewa wasu daga cikin masu giram 9 ɗin nan na tafiyar kimanin kilomita 13,000 daga gabashin Saibiriya zuwa Afirka.

Abin da ke barazana ga wurin

A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka ga abin da ya ɗaure musu kai: kusan kashi 70 cikin 100 na tsuntsun nan mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi. Farkon farin nan ne da ya tsananta a shekarun 1972 zuwa 1974, wanda kakanninku ke ba da labarinsa, lokacin da shanu suka mutu, rumbuna suka ƙone. Abin da ya hana manomi girbi shi ya hana tsuntsu guzurin komawa.

Bayan fari sai madatsun ruwa. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha ga miliyoyin mutane, amma sun sauya yadda ruwa ke zuwa Haɗejiya da Nguru. A da, ambaliya kan zo da ƙarfi da damina, ta mamaye fiye da murabba'in kilomita 2,000, sannan ƙoramu su bushe da rani. Bayan dam, an yi shekarun da ruwan bai rufe rabin haka ba, ƙoramun da ke bushewa kuma suka koma riƙe ruwa duk shekara. Wannan ya buɗe wa ciyawar kacalla ƙofa. Ta cika hanyoyin ruwa, ta toshe su, ruwa ya karkata ya cinye gonaki da gidaje a wani ɓangare, wani ɓangaren kuma ya rasa ko ɗigo. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Tsuntsun bakin ruwa da ke bukatar buɗaɗɗen taɓo ya rasa wurin sauka. Jan baki kuwa ya samu maɓoya, yana fitowa dubbai ya afka wa shinkafa da gero.

Ga kuma saran itace don girki da gawayi, wanda ya fi cin bagaruwa da gawo. Ga farauta da tarko. Gauraka, mai kambin zinariya a ka, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, a da yana yawo garke-garke a fadamun arewa. Kama shi don sayarwa da lalacewar fadamu sun sa yau da wuya a gan shi a dajin ƙasar nan. Ku tambayi tsofaffin garinku yaushe rabonsu da jin kukansa.

Idan za ku je

Kada ku tafi ku kaɗai. Ku nemi malamin kimiyya ko na labarin ƙasa ya shirya muku tafiyar a ƙungiyance, da izinin iyaye, a kuma tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a tashi, domin su ne suka san hanyar da ruwa bai yanke ba da kuma halin tsaro. Idan kun isa ƙauye, ku fara da gaida mai unguwa. In kun tarar da dattijo a bakin ruwa, ku rusuna ku ce, "Baba, sannu da aiki," sannan ku tambaye shi sunan tsuntsun da kuke kallo da watan da yake zuwa. Masunta da makiyaya sun san abubuwan da ba a rubuta a kowane littafi ba, ku rubuta sunayen da Hausa da Badanci da Fulatanci yadda suka faɗa.

Ku fita tun ƙarfe 6 na safe, ku sa tufafi marasa haske, ku bar rana a bayanku. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishi mutum biyar in ana karɓa-karɓa, in babu shi ma ido da haƙuri sun isa a fara. Duk tsuntsun da kuka gani, ku rubuta abu biyar: girmansa idan aka gwada shi da kurciya, siffar baki, launin ƙafa, abin da yake yi, da inda yake. Kada ku matsa kusa da itacen balbelu, domin in iyaye suka firgita suka tashi, rana da shirwa da hankaka ne za su gama da ƙwai da 'ya'ya. Danƙo kuma a bar shi a gida.

Ku kiyaye lafiyarku. Kada ku shiga ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Ku kwana cikin gidan sauro. Kada a cika kwale-kwale fiye da kima, kuma kada a hau shi in hadari ya haɗu. Idan kun ga mataccen tsuntsu ko mara lafiya, kada ku taɓa, ku sanar da jami'in dabbobi, domin murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a ƙasar nan tun 2006.

Wanda Nguru ta yi masa nisa, kada ya ce an bar shi a baya. Baƙin nan na sauka a bakin kowane dam da kududdufi da fadama, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma matasa masu sa kai ne ke aika mata da abin da suka gani ta wayar hannu. Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya. Daga yau zuwa ranar, ku zaɓi itacen ƙaya ɗaya da bakin ruwa ɗaya kusa da makarantarku, ku riƙa leƙa su sau ɗaya a mako, kuna rubuta kwanan wata da abin da kuka gani. Ranar da baƙon farko ya sauka, ku aiko wa wannan shafi da labari, tare da sunan makarantarku da zanen tsuntsun.